Furfurar Aro

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Littafin nan don awon kawunan kwastomomi na saye shi, amma tunda bakina bai da inda zai sauke kaya a kwanakin nan, bari takarda ta ɗauka. Ita dai ba ta kai gulma layin masu yadi.

Yaya ta rufe kanta a ɗaki tun ranar Alhamis. Ba ta buɗe wa jikoki, ba ta buɗe wa masu dubiya, mijinta ma sai ya yi sallama sau uku ta gama naɗa abu a ka. Abin da ya faru a barandar asibiti ba zan rubuta shi duka ba. Kallabi ne ya zame, don yanzu ba shi da abin kamawa, magani ya zubar mata da gashi, kuma a gaban wata tsohuwar ɗalibarta. Shi ke nan.

Ranar Laraba 25 ga wata, makarantar da ta yi shekara talatin da huɗu tana koyarwa za ta yi mata taron ban kwana. An buga kati, yara suna ta koyon waƙa. Ta ce ba za ta ba.

Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Yaya, ni da na shekara talatin ina ɗora wa matan gari gashi, a ce ke ce za ki maƙale a ɗaki saboda gashi? So kike a yi min dariya har ƙarshen kasuwa?"

Ta ce daga ciki, "Auta, tafi shagonki."

Na ce, "Zan tafi. Amma ranar ashirin da biyar da ƙafarki za ki shiga makarantar nan, ko ba ciki ɗaya muka fito ba."

Kwana ashirin da uku. Na yi wa amare abin da ya fi wannan a kwana goma.

Talata, 3 ga wata, bayan la'asar

Na kai mata hular gashi guda uku, irin waɗanda nake ɓoyewa a ƙasan kantar shago saboda matan manya. Da hannuna na zaɓe su, kuma hannun nan ba a yi masa ƙarya. A ba ni sili ɗaya tak, in naɗe shi a yatsa, in jiƙa, in ja a hankali kusa da kunne. Na yarinya miƙewa yake kamar roba, ya dawo. Na wadda ta manyanta ba shi da wannan haƙurin, kaɗan zai bi ka sai ka ji ɗas. Dillalai sun san ni, shi ya sa in sun hango ni suke tura na banza ƙasan buhu.

Yaya ta buɗe ƙofa iya shigar hannu, ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, ta turo min abina.

"Na wace ce?"

"Yaya, wa ya sani? Daga ƙetare ake kawowa."

"To ba zan tsaya gaban yara da kan wadda ko sunanta ban sani ba."

Mijinta na falo yana ta gyaran murya. Ya ce shi dama ya tambayi masana, sun ce larura ce, babu laifi, amma in ba ta so a ƙyale ta. Na ce, "Yallaɓai, kai dai ci gaba da jaridarka, wannan yaƙin ba na masu sanƙo ba ne." Ya shafa kansa ya koma kan jaridarsa. Daga ciki na ji Yaya ta yi wani abu mai kama da dariya.

Sai na cire kallabina na ce ta leƙo. Baƙi wuluk, har kafaɗa in an taje, shi ne tallar shagona. Na ce, "Wannan fa, kin san mai shi?"

Ta ce, "Ba ki da hankali."

Ba ta ce a'a ba.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na yanke gashina. Na raba shi gida takwas, na ɗaure kowanne da zare a gindi, don kada tushe ya cakuɗe da baki. In suka cakuɗe, wankin farko hular za ta dunƙule kamar sheƙar tsuntsu. Na ɗaura kallabi na buɗe shago kamar kullum. Ba wanda ya lura.

Ranar dai, da yamma

Ta bari na yi awo. Na rufa mata leda a ka, na liƙe da salatef, na zana iyakar goshi da biro. Ta rufe ido. Ni ma leda kawai na kalla.

Kan ya yi ƙanƙanta. Ban faɗa ba.

Alhamis, 5 ga wata, yamma

Asibiti. Mayafi biyu ta lulluɓa, ba ta ɗaga ido ba tun daga gida. Awa huɗu ruwan maganin da ake ƙara mata yana ɗiga.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na shimfiɗa raga a kan katakon nan mai siffar kai, na ɗauko allura mai ƙugiya. Aikin ba boka ba malam: ka zura ƙugiya a idon raga, ka jawo sili, ka ƙulla, ka matsa ido na gaba. Sau dubu nawa, Allah kaɗai ya sani. Hannuna yana yi ko ina ciniki.

Yau cikin ƙulli goma, huɗu sun tsinke. Daidai wurin ƙullin suke katsewa, ɗas, ɗas, ɗas. Cinyata ta cika da guntaye kamar an yi wa akuya aski.

Allurar ce. Bakinta ya yi kaifi. Na canza wata.

Lahadi, 8 ga wata, hantsi

Ba allurar ba ce. Ragar ce, ina jin.

Litinin, 9 ga wata, bayan azahar

Maƙwabcina Mai Agogo, shekara goma sha bakwai bango ɗaya ya raba mu, kuma kunnensa ya fi agogunansa aiki. Ya leƙo ya ce, "Uwar Gashi, tun safe nake jin tsaki. Wa ya cuce ki?"

Na ce, "Wani dillali ne ya kawo min kaya, nake gwadawa."

"Ke ake cuta? Kawo in gani."

Ya ɗauki sili ɗaya daga nawa, ɗaya daga na kanti. Ya rataye su a ƙusa, ya ɗaura wa kowanne 'yar leda, ya riƙa jefa ƙananan notunan ƙarfe ɗaya ɗaya yana ƙirgawa kamar mai raba gado. Na kanti ya ɗauki goma sha tara, yana ta miƙewa kafin ya saki. Nawa a na bakwai ya katse. Ko miƙewar kirki bai yi ba.

Na ce, "Sake. Hannunka ya girgiza."

Ya sake. Takwas.

Sai ya miƙo min gilashin nan na ido ɗaya da yake leƙa cikin agogo. Na kanti sumul, kamar igiyar da aka murza yau. Nawa siriri, wani wuri kauri wani wuri kamar zai rabu, jikinsa duk ya tattashi kamar tsohon fenti.

Ya ce, "Wannan dillalin ya raina ki. Gashin tsohuwa ne, kuma ta ba shi wuya. Wannan ai ta kusa sittin."

Na ce, "Hamsin da bakwai."

Ya cire gilashin ya dube ni, ya dubi kallabina da ya kwanta lif a kaina. Mutumin kirki ne. Ya ce, "To ai da sauranta," ya kwashe notunansa ya fita.

Wanzami ba ya son jarfa. Shekara talatin ina ja wa mata gashi kusa da kunnena ina faɗa musu shekarunsu. Ban taɓa jan nawa ba.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe sha ɗaya

To, a yi maganar gaskiya tunda ba mai karantawa. Shekara goma sha tara ina rini, duk sati uku. Man miƙar da gashi kuwa tun ina budurwa. Dama gashi in shekaru suka hau shi sirancewa yake, man da fatar kai ke ba shi ya ragu, ya bushe, ya daina lanƙwasa. Sai ni kuma na bi shi da duka. Daga nesa baƙi mai sheƙi, a hannu kuwa tsohon zani ne da aka sha guga.

Amma ban yanke shi don in zuba a shara ba. Na gano dabara. In fesa masa ruwa kaɗan, in shafa mai a yatsa, in haɗa sili bibbiyu, ƙullin kuma kada a ja shi da ƙarfi, lallaɓa shi ake kamar suruka. Yanzu cikin goma ɗaya ke tsinkewa. Tafiyar ta zama ta hawainiya, amma goshi ya fara fitowa.

Kwana goma sha huɗu. Zan kai.

Alhamis, 12 ga wata, yamma

Asibiti. Ta yi amai sau biyu a hanya. Direba ya tsaya mana duk sau biyun, Allah ya saka masa.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ban san ta inda zan fara ba.

Na gama gaba da gefe ɗaya, na ce bari in kai a gwada. Na naɗe a farin ƙyalle kamar jariri. Ta bar ni na shiga. Na ɗora mata, na gyara, na ɗaura kallabi a sama yadda gashin zai leƙo ta goshi. Wallahi ya zauna. Shekara goma sha biyar suka sauka daga fuskarta. Na juyo da madubin da ta kifa a bango.

Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Sannu, Auta."

"Sannu kawai?"

"Wannan kanki ne."

"To da na wa kike so?"

"Nawa."

Na ce, "Yaya, naki ai fari ne fat! Ga dama ta samu ki koma yarinya, ki shiga makarantar nan a ce wace ce wannan."

Ta ce, "Abin da nake gudu ke nan. A ce wace ce wannan." Ta cire shi a hankali ta ɗora min a cinya. "Kin san sunan da yara suke kirana a bayan idona? Malama Auduga. Shekara ashirin. Suna tsammanin ban sani ba. In na shiga da baƙin kai, kowa zai san abin da ke ƙarƙashinsa. Gara in zauna a ɗakina."

Raina ya ɓaci, na faɗi maganganu. Na ce kwana goma ina tsiyayar da idona. Na cire kallabi na nuna mata abin da na mayar da kaina saboda ita. Ta dube ni ta ce, "Ni na aike ki?"

Na fito na buga ƙofa. Mijinta ya biyo ni har titi da takalmi ɗaya yana cewa, "Haba Auta, haba Auta." Ban waiwaya ba.

Lahadi, 15 ga wata, da rana

Ban je ba. Ban kira ba. Na wanke labulen da bai yi datti ba.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Ita ce da gaskiya, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ban tambaye ta me ta rasa ba. Kasuwa ta koya min gashi baƙi ne, fari kuwa ciwo ne da ake sayar wa magani. Tun tana da arba'in nake bin ta da kwalbar rini tana kora ta.

Kwana tara. Farin gashi nake nema.

Ranar dai, bayan la'asar

Na zaga dillalai biyar. Na farko ya ce, "Furfura? Uwar Gashi, ko kin fara haɗa magani ne?" Na biyu ya kawo min na roba, mai ƙyalli kamar igiyar buhu. Yaya da hannu ɗaya za ta gane. Sauran dariya kawai suka yi. Wa ke sayar da furfura? Ni kaina an sha kawo min ina cewa a kai wa masu cusa matashi.

Na dawo na gwada cire wa baƙi launi. Wankin farko ya koma ja, na biyu ruwan ɗorawa, na uku ya yi fari-fari amma da na ja sai ya biyo hannuna kamar cingam. Asarar ɗauri guda.

Saura hanya ɗaya, kuma na san ta tun safe, kewaye-kewaye kawai nake.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe sha biyu

Goggo mai zare. Rumfarta tana ƙarshen layinmu, ta haura saba'in, kuma duk kasuwar nan ba mai farin kai irin nata, ba ta taɓa sa masa komai ba sai mai da mataji. Shekara biyu ba ma gaisawa. Laifina ne. Ranar da ake taron 'yan layi na ce mata a gaban jama'a, "Goggo, ki zo in rina miki tokar nan kyauta, kina kore mana kwastomomi." An yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na je na durƙusa, gwiwata har ƙara ta yi.

"Ina kwana, Goggo."

"Yau kuma rana ta ina ta fito?"

Na faɗa mata. Ban yi kwana-kwana ba, don tsohuwar nan ta fi ni sanin kasuwa. Ta saurara tana naɗe zare.

"Wato tokar kike so."

"Ita nake so, Goggo."

"Ba za ta kore miki kwastomomi ba?"

"Goggo, ki yanka ni in kina so, amma ki ba ni gashin tukuna."

Ta ce ita gashinta ko wanda ya zube a mataji ba ta yarda ya kwana a waje, balle ta damƙa wa mai baki irin nawa. Wa ya san inda zai ƙare? Na rantse. Ta ce rantsuwar 'yan kasuwa ai tare da kaya ake awonta. Na miƙe zan tafi, idona ya fara yi min abin da ba na so. Sai ta ce, "Cire kallabin in gani."

A tsakiyar layi, rana tsaka. Na cire. Kai kamar gonar da aka girbe, ga sabon tsiro fari tas ya fito ta ƙasa, kwana goma sha uku ba rini. Mai kwanuka da ke kusa ta ce, "La ila!"

Goggo ta kalla ta ƙoshi. Ta ce, "Ashe 'yar gida ce."

Sharuɗɗanta uku. A rumfarta za a yanke. A rumfarta zan yi aikin, tana kallo. Kuma duk silin da ya faɗi ko ya tsinke, a tsince a mayar mata, za ta san yadda za ta yi da abinta.

Na ce na yarda. Ta ce, "Na huɗu, ki rage surutu." Na ce wannan kam sai dai a yi addu'a.

Laraba, 18 ga wata, bayan azahar

An yanke da safe, bayan an sakaya labule. Da na warware kitson sai na ga matsala. Daga nesa kai cike, a hannu kuwa bai fi rabin nawa ba. Haka kan tsufa yake, silin ya sirance, kuma layin ya yi giɓi, inda da uku ke tsirowa saura ɗaya.

Mai Agogo ya zo da notunansa ba wanda ya gayyace shi. Na Goggo ya ɗauki goma sha uku. Bai kai na yarinya ba, amma ya kusa ninka nawa. Goggo ta ce, "Nawa ne nata?" Ya ce, "Sirrin maƙwabci ne." Ta ce, "Wato bai kai goma ba." Layi ya ɗauki dariya.

Gashin yana da taurin kai irin na mai shi. Busasshe ne, ba ya son kwanciya, kana ƙullawa yana miƙewa tsaye kamar yana neman faɗa. Amma ba ya tsinkewa in an bi shi da ruwa da mai.

Ba zai isa kai guda ba. Na sake lissafi: goshi, gefen kunnuwa, ƙeya, wato duk inda ke leƙowa. Tsakiya in sa ƙyalle mai kaushi wanda zai riƙe kallabi ko iska ta taso. Ko hakan ma da ƙyar.

Goggo ta leƙa abin da ke hannuna. Ta tashi ta tafi, ta dawo da Mai kwanuka da wata ƙawarta mai sayar da tsintsiya. Ta ce musu, "Ku zauna. Kitso bibbiyu za ku bayar, na ƙeya, ba mai gani." Mai tsintsiya ta ce, "Mijina fa?" Goggo ta ce, "Mijinki rabon da ya kalli ƙeyarki tun kina amarya."

Farin ma ashe iri-iri ne. Na Goggo kamar gishiri, na Mai kwanuka da ɗan toka-toka, na Mai tsintsiya ya ɗan ja rawaya. Da na gauraya su sai ga kan mutum sosai. Shekara talatin ina sana'ar nan ban san wannan ba.

Alhamis, 19 ga wata, yamma

Na je na raka ta. Ba mu yi maganar Asabar ba. A mota ta ɗora hannunta a kan nawa, shi ke nan.

Likita ya kira ni baranda, daga ni sai shi. Ya yi magana a hankali, yana kallon takarda, kuma labarin ba mai daɗi ba ne. Na ce na gode.

Kwana shida. Gobe zan fara gefen dama.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe huɗu

Farin sili a kan farar raga, sai ka ce neman ƙwayar gishiri a cikin gari. Idona ya gaza. Mai Agogo ya ara min tabaraunsa na biyu, wanda aka ɗaure wa ƙafa da waya. Ga ni zaune a rumfar zare, kai ba kallabi don zafi, da tabarau a karan hanci, tsofaffi uku sun sa ni tsakiya. Wata kwastomata ta wuce ta gaishe ni, "Sannu, Baba." Ba ta gane ni ba. Goggo ta yi dariya har da tari.

Goggo ta shimfiɗa baƙin ƙyalle a ƙarƙashina, duk silin da ya faɗi ta tsince ta sa a gwangwanin madara. Ba ta yarda da ni ba har yanzu, amma ita ke fesa min ruwa.

Litinin, 23 ga wata, bayan azahar

Na yi wauta. Gashin gefen kunne ya ƙi kwanciya, na ce bari in ɗan taɓa shi da ƙarfe mai zafi yadda nake wa na kanti. Nan take ya koma rawaya kamar haƙorin mai taba, ya murmushe. Faɗin yatsa biyu, aikin rabin yini. Furfura ba ta ɗaukar wuta, ba ta da launin da zai ɓoye ƙuna.

Na zauna ina kallon wurin. Goggo ta ce, "Kuka za ki yi ko aiki?" Ta juya baya ta zame kallabi. "Akwai sauran kitso ɗaya a nan. Yanke, kafin in canza ra'ayi."

Na tsefe ƙonannen, na fara daga farko. Yatsuna sun kumbura. Kwana biyu.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na gama ƙarfe uku. Na wanke da ruwan sanyi, na shanya a inuwa, na kwantar da shi da tafin hannu kawai.

Wannan karon ban yi surutu ba. Na ɗora mata, na ɗaura kallabi, na ja baya. Ita ta juyo da madubin da kanta.

Ta taɓa gefen kunne. Ta jawo 'yan silin gaba kaɗan, yadda take barinsu su leƙo tun da can. Ta ce, "Na wa ne?"

Na lissafa mata: Goggo mai zare, Mai kwanuka, Mai tsintsiya. Ta maimaita su ɗaya bayan ɗaya kamar tana kiran rajista.

Sai ta ce, "Ja."

"Me?"

"Ja kallabin. Da ƙarfi."

Na ja. Bai motsa ba. Ta sunkuya, ta girgiza kai, ta miƙe. Yana nan.

Na ce, "To gobe ƙarfe nawa?"

Ta ce, "Ban ce zan je ba."

Amma da nake fita na ji tana tambayar mijinta ina aka ajiye dutsen guga.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ta shiga da ƙafarta.

A bakin ƙofar makaranta ta tsaya cak, ta riƙe hannuna har na ji farcenta. Ta ce, "Auta, mu koma." Na ce, "Direba ya tafi." Ƙarya nake, yana bayanmu yana jin mu. Kafin ta waiwaya wata 'yar aji ɗaya ta hango ta, ta ruga cikin fili tana ihu, "Malama Auduga ta zo! Malama Auduga ta zo!" Shugaban makaranta ya rasa inda zai sa kansa. Yaya ta saki hannuna, ta gyara tsayuwa, ta ce, "Wannan yarinyar ba a koya mata tafiya a hankali ba." Ta wuce gabana.

Ta yi magana minti goma sha biyu a tsaye, ta ƙi kujera. Akwai iska a filin, takardun shugaba har tashi suka yi. Ni ban ji ko kalma ɗaya daga jawabin ba, idona na kan kallabi. Mijinta a gefena yana ta share ido da hula yana cewa ƙura ce. Tsofaffina uku sun rufe rumfuna sun zo, suna layin baya, ina jin Mai tsintsiya tana gaya wa na kusa da ita, "Na hagun nan nawa ne."

A mota ta kwanta jikin kujera, ƙarfinta ya ƙare tas. Muna cikin cunkoso, gilashi a sauke, masu talla suna ta leƙowa. Sai ta ce, "Abin nan naki ƙaiƙayi gare shi." Ta sa hannu ta cire, da kallabin da komai, ta ɗora min a cinya. Ta bar iska tana bugun kanta.

Na ce, "Yaya, mutane fa."

Ta ce, "Su kalla. Waɗanda nake so su gan ni sun gan ni." Ta rufe ido. Can ta ce, "Gobe ƙarfe takwas za mu fita asibiti. Ki kawo shi da wuri. Akwai wata a gadon kusa da nawa, ita ma kullum a lulluɓe take, ina so ta gani."

Na duba shi a hanya. Ƙulli goma sha ɗaya sun kwance a gefen hagu. Kafin magariba zan mayar da su.